Salansar Motata da Kunnen Hajiya

An kwana biyu da yin wannan abu, tun lokacin da hutun mako a Dubai yake Juma'a da Asabar. Jiya wani ya ga hoton motata a shafin nan, ya tambaye ni yadda aka yi hukuma ta ba ta lamba da waɗancan bututan a waje. Sai na ga gara in ba ku labarin gaba ɗaya, har da wuraren da ban fito da kyau ba.

Ni ma'aikaci ne a tashar jiragen ruwa ta Jebel Ali, ina cikin masu kula da injinan da ke ɗaga kwantena. Amma tun ina yaro ciwona ɗaya ne, tsohuwar mota. Da na ɗan samu zama a ƙasar nan, sai na je wurin masu gwangwan a Sharjah na sayo gawar wata a-kori-kura ƙirar Amurka wadda ta girme ni nesa ba kusa ba. Babu inji, babu kujera, kyanwa ma ta haihu a ciki. Na kama wani lungu a garejin wani Bapakistane a Al Quoz na ajiye ta. Shekara uku, kowace Asabar ina can. Na rage mata tsayi, na sa mata inji mai silinda takwas, na bar injin a buɗe babu murfi, na fesa mata jan fenti. Masu wannan harka suna ce wa irinta hot rod. Matata kuwa "jar nan" take ce mata, kuma daga yadda take jan kalmar za ka san ba yabo ba ne.

Duk aikin walda abokina ne ya yi min. Mutumin Jos ne, Kirista, a Panteka ta Kaduna ya koyi sana'a, a nan kuma yana aiki a wani kamfanin gyaran janareto, yana zaune a Satwa. Da muka zo kan bututun hayaƙi, sai na kawo masa zanen da na yi da hannuna: bututu huɗu a dama, huɗu a hagu, kowane huɗu su haɗu su zama guda mai faɗin baki kamar kakaki, ya tsaya daidai ƙofar wannan gefen. Ya duba takardar, ya juya ta, ya duba bayanta.

"Oga, ina salansa?"

Na ce, "Babu. Ai kyan abin ke nan."

Ya ce, "To ina ka ajiye kunnen canji?"

Na ce masa ya yi walda kawai, ni ne injiniya. Ya yi kuwa, aiki mai kyau, ɗinkin ƙarfen nan kamar an jera kwabbai.

Ranar da muka fara tayar da ita ba zan manta ba. Ina murɗa makulli, ƙura ta zubo daga rufin gareji. Tantabarun da ke kwana a saman suka watse. Motoci biyu da ke ajiye a waje suka kama kuka su kaɗai. Mai gareji ya fito da gudu riƙe da kofin shayi, rabin shayin a gaban rigarsa, yana ta buɗe baki yana rufewa, ba wanda ke jin abin da yake faɗa. Ni kuwa ina zaune a kan kujera, haƙarƙarina na rawa, ina jin kamar an naɗa ni sarauta. Har gida na koma kunnena na ƙugi. Matata ta ce in miƙo mata gishiri, na ce mata lafiya lau na wuni.

Bayan an gama takardu, aka ɗora ta a janwe aka kai ta wurin gwajin motoci. Mai gwajin wani Balarabe ne mai fara'a. Ya zagaya ta sau biyu, ya shafa fentin, har hoto ya ɗauka. Birki ya ci, fitilu suka ci. Sai ya ɗauko wani ɗan abin awon ƙara ya riƙe kusa da bakin bututu, ya ce in taka totur shwaiya shwaiya, wato a hankali. Na taka. Duk ma'aikatan wurin suka juyo. Ya ɗaga hannu da sauri, na kashe.

Ya ce, "Habibi, wallahi motarka ta yi kyau. Amma wannan ƙarar, ko sati ba za ka yi a titi ba za a karɓe ta. Je ka rage mata murya ka dawo. Khalas, shi ke nan."

Na koma gareji a bayan janwe jiki a sanyaye, sai na tarar da wata sabuwa. Mai gareji ya kira ni gefe ya ce maƙwabtansa masu gyaran kujeru sun kawo ƙara, kuma ma yana son lungun nan zai kafa injin ɗaga mota. Ya ba ni zuwa ƙarshen wata. Ginin da muke haya a Al Rigga ba a ajiye mota marar lamba a ƙasansa. Ke nan in ban samu lamba cikin kwana goma sha biyu ba, sai dai in kira masu gwangwan ɗin da na saye ta a hannunsu su zo su kwance ta. Aikin shekara uku.

Abin da ya kamata in yi shi ne in kira abokina. Amma na tuna maganar kunnen canji, na ce ba zan ba shi wannan daɗin ba.

Dabarata ta farko ita ce soson ƙarfe, irin na wanke tukunya. Na shiga kantin ƙasan gidanmu na kwashe duk wanda ke kan kanta, har mai kantin ya tambaye ni ko gidan abinci zan buɗe. Na cusa su cikin bututun nan dam, na ɗaure bakin da ragar waya. Na tayar, sai na ji shiru-shiru, daɗi ya kama ni. Na ce bari in ɗan ba ta wuta in ji. Ina takawa ragar ta fita, sosunan nan suka riƙa fitowa ɗaya bayan ɗaya, jajawur, kamar ana harba su da gwafa. Ɗaya ya faɗa cikin bokitin wanki ya yi cuuu, ɗaya ya bi ta tsakanin ƙafafun mai gareji. Shi kuwa sai ya nuna min kalandar da ke jikin bango da yatsa.

Dabara ta biyu, na yanko faifan ƙarfe na huda masa 'yan ƙananan ƙofofi na toshe bakin bututun da shi. Ƙara ta ragu, gaskiya. Sai dai motar ta koma fito kamar butar shayi, inji ya riƙa shaƙewa yana tari, in na taka sai ya mutu. Na tsaya ina kallonta, ni da digirina.

A cikin wannan makon ne mahaifiyata ta iso daga Kano, zuwanta na farko, don ta ga jikarta da aka haifa wata biyu kafin nan. Ban gaya mata komai ba. Amma daren da ta kwana biyu, muna cin tuwon da ta tuƙa da garin da ta taho da shi, ta dube ni ta ce, "Injiniya, me ke damunka? Loma uku ka yi ka tsaya." Haka take kirana tun ranar da na kwance mata rediyo ina aji uku na kasa mayarwa.

Kafin in yi magana matata ta ce, "Hajiya, jar motarsa ce ta faɗi jarrabawa."

Hajiya ta ce, "Wace jar mota?"

Matata ta gyara zama. Ta ba da labari tun daga kyanwa har soson ƙarfe, wanda ban ma san ta sani ba, ashe mai kanti ne ya tsegunta mata. Hajiya ta yi dariya har da share hawaye da bakin mayafi. Da ta gama sai ta ce, "To shi wanda ya yi maka waldar, ya mutu ne?"

Na ce yana nan.

"Kira shi yanzu ina ji. Kuma ranar Asabar da ni za a je."

Na kira. Abokina ya saurare ni har ƙarshe bai katse ni ba. Sai ya ce, "Oga, sake faɗa min wurin soson nan, layin ya ɗan yanke." Layi bai yanke ba.

Ranar Asabar da hantsi muka isa. Lokacin sanyi ne, iska na kaɗawa mai daɗi. Abokina ya riga mu zuwa, yana ganin Hajiya ya ajiye abin da ke hannunsa ya durƙusa.

"Mama, barka da zuwa. Ya hanya? Ya aka baro mutanen gida?"

Fuskarta ta washe. Kwana huɗu ba ta ji Hausa a bakin kowa ba sai mu. Ta ce, "Lafiya lau, ɗana. Kai ne kake haƙuri da wannan?" Ya ce, "Mama, ana ta yi." Mai gareji da kansa ya kawo mata kujerar roba da shayi, ta zauna a inuwa ta ɗora jakarta a cinya kamar mai jiran likita.

Abokina ya zo da bututun ƙarfe biyu da ba sa tsatsa, kowanne tsawonsa kamar kamu ɗaya, kaurinsa kamar damtsen yaro. Ya ce a wurin aikinsu bafil suke ce wa abin da za mu yi, kuma da shi suke sa janareto ya yi shiru a bayan otal.

Ya ce, "Kuskurenka, Oga, ka tare wa hayaƙi hanya. Shi hayaƙi a bar shi ya wuce abinsa ta tsakiya. Ƙarar ce za mu buɗe wa ƙofofi a gefe, ta shiga cikin auduga ta mutu a can."

Ya miƙo min injin huda ya ce in mayar da bututun nan rariya, tun daga sama har ƙasa. Ni na yi hudar, shi ya yanka zobba ya yi musu walda a baki da gindi don su zauna daidai cikin babban bututun. Ban san adadin ramukan da na huda ba, na dai san washegari ban iya ɗaga hannu na saka hula ba. Muka tsaya na yi azahar, shi ya je ya sayo mana shinkafar 'yan Pakistan, muka ci. Bayan nan muka naɗe bututun da zaren ƙarfe mai laushi, sannan muka bi da audugar gilashi mai jure wuta, muka ɗaure da waya. Abokina ya ce kada a matse, a bar ta sakwa-sakwa. Ni kuwa hannuna sai ƙara ja yake.

Daga kujerarta Hajiya ta ce, "Kai Injiniya, ya ce kada ka matse. Ko kayan lefe kake ɗaurewa?"

Na sassauta.

Wajen la'asar muka zura su cikin bututun, muka huda gefe muka ɗaure kowanne da noti don kada ya bi sawun soso. Na shiga, na yi bisimilla, na murɗa.

Motar ta tashi da wata murya mai kauri, ƙasa-ƙasa, gum-gum-gum, irin wadda kake ji a ƙirji ba a kunne ba. Ƙura ba ta zubo ba. Na taka, ta amsa da ƙarfi ta dawo ta kwanta. Mai gareji ya leƙo, ya ɗaga babban yatsa. Ni da abokina muka tafa har sau biyu, na ce masa, da muryata ta kullum ba da ihu ba, "Mutumina, ka gama min komai."

Sai muka ji Hajiya ta ce, "Ku yi shiru."

Ta taso ta matso kusa da injin, ta karkatar da kai, idonta a rufe. Ta zagaya ɗaya ɓangaren ta sake tsayawa.

Ta ce, "Motar nan ɗingishi take yi. Ta nan gefen."

Na yi murmushi irin na wanda ya yi karatu. Na ce, "Hajiya, ai haka irin wannan injin yake. Da gangan ake yi masa wannan tsalle-tsallen."

Ta buɗe ido ta dube ni. "Shekara ashirin da biyu ina auren direban gingimari. Tun daga bakin titi nake gane motar mahaifinka, kuma kafin ya tsaya na san ko tuwo zai fara nema ko sifana. Akwai tsalle, akwai ɗingishi. Wannan ƙafa ɗaya ba ta taka ƙasa."

Abokina bai yi gardama ba. Ya ɗauko gorar ruwa ya huda murfin, ya riƙa fesa wa bututun nan takwas ɗaya bayan ɗaya, daidai inda suka fito daga inji. Na farko ya yi cuu, ruwa ya ƙone. Na biyu haka. Har bakwai. Na ƙarshen baya a hagu, ruwan ya tsaya a jikinsa yana gangarowa, ko tururi babu. Muka leƙa da fitila. Wayar fulogi ce ta kwanta a jikin bututu ta narke ta ƙasa, inda ido ba ya kaiwa. Allah kaɗai ya san tun yaushe. Duk wancan rugugin da nake alfahari da shi, da silinda bakwai nake yinsa, ƙara ta hana kowa ji.

Abokina ya zauna a kan taya yana dariya har yana riƙe ciki. Ya ce, "Mama, kamfaninmu na neman ma'aikata. In kawo fom?" Ta ce, "In za su ba ni kujera mai hannu, kawo."

Muka canza waya da fulogi, ya ɗan gyara kafireto. Da ta sake tashi, ni kaina na ji bambancin. Hajiya ta saurara, ta gyaɗa kai, ta koma ta ɗauki shayinta.

Ranar Talata aka koma gwaji. Balaraben nan ya gane ni tun daga nesa, ya toshe kunne da wasa. Ya riƙe abin awonsa, na taka, ya duba, ya ce in ƙara, na ƙara. Ya duba hayaƙin ma. Sannan ya bugi ƙofar motar da tafin hannu ya taya ni murna da Larabci, ya ce, "Mabruk!" Da aka ɗaura lambar, na tsaya a rana ina kallonta kamar ban taɓa ganin lamba ba.

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci na ce wa Hajiya ta zo mu zaga gari. Kujera biyu ce kawai a motar. Na taimaka mata ta hau, ta tattare mayafinta, muka tsaya a wani shago aka miƙo mana shayin karak mai madara ta taga, sannan muka miƙi hanyar da ta fita bayan gari, inda gine-gine ke ƙarewa rairayi ya fara. Motar na gurnaninta a hankali, muna hira ba tare da ɗaga murya ba. Na lura idon Hajiya ba ya kan hanya, yana kan hannuna da giya.

Can ta ce, "Kana saurin sakin kuloci."

Na ce, "Hajiya, har wannan ma?"

Ta kurɓi shayi. Sai ta ba ni labarin da ban taɓa ji ba a bakin kowa. Ta ce ina wata bakwai a bayanta, mahaifina ya ɗauke ta zai kai ta garinsu biki, da lodin gero a mota. A tsakiyar daji zazzaɓi ya rufe shi, jikinsa na kyarma, ya kasa riƙe sitiyari. Babu gari kusa, babu motar da ke wucewa. Da ma a farkon aurensu ya riƙa koya mata a fili da wasa, ba wanda ya sani. Ta ce ta kwance ni ta ɗora a ƙirjinsa, ta sa buhu a bayanta don ƙafarta ta kai, ta ja motar nan a giya biyu har garin da ke da asibiti. Da suka kusa shiga, ya lallaɓa ya karɓa don kada a gani a yi ta magana.

Ta ce, "Har ya rasu, in mun yi faɗa ya rasa ta cewa, sai ya ce min, to direba, na ji."

Ban san lokacin da na rage gudu ba. Shekara talatin da wani abu ina tare da matar nan, ina ɗauka na san ta.

A kan hanyar dawowa muka biya ta gareji in ɗauki sauran kayana. Ranar hutu ce, farfajiyar babu kowa, ƙofa a rufe muka shiga da makullina. Na fito na zagayo in buɗe mata, sai na tarar ta riga ta matsa kujerar direba, ta cire takalmi.

Ta ce, "Miƙo min jakata in sa a baya."

Na shiga gefenta, ga aikin shekara uku, ga bango nan a gaba. Ta taka kuloci da tafin ƙafa, ta laluba giya, ta saki a hankali kamar mai sauke jariri. Motar ta tafi sumul. Ta kai ta ƙarshen farfajiya, ta juya, ta dawo, ta tsaya daidai inda ta ɗauke ta. Ta kashe, ta zare makulli ta miƙo min, tana haki kaɗan, fuskarta kamar ta yarinya.

Ta ce, "Ba ta da nauyi. Kuma kada in ji wannan a bakin kawunanka."

Har yau motar tana nan, bafil ɗin ma na nan, sau ɗaya kawai muka sake musu auduga. Wani lokaci a wurin taron masu irin motocinmu wani zai ce in cire su mana a ji muryarta ta gaskiya. Sai in ce masa na ji, kuma da silinda bakwai take. Abin da na ɗauka daga wannan lamari ba wani babba ba ne. Na dai gane cewa na fi son mota da za a zauna a ciki a yi magana, kuma na rage saurin cewa ni ne injiniya, ko da yake matata ta ce ragin bai kai na motar ba.

Sirrin nan na riƙe shi shekaru. Da zan rubuta wannan sai da na kira Hajiya a Kano na nemi izini. Ta ce yanzu ta tsufa, wanda zai yi magana ya yi. Sai ta ƙara da sharaɗi ɗaya.

"Amma ka rubuta cewa ba ta mutu min ba ko sau ɗaya."

To na rubuta. Ba ta mutu mata ba ko sau ɗaya.